Ruwa biyu ne a wasiƙarka, ɗaya lafiya ɗaya cuta

Wani magidanci daga Zongo, nan Damagaram, ya aiko da wannan:

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata 33, ina bin manyan motoci da kaya zuwa Agadas. Tun ina saurayi nakan ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi idan sha'awa ta motsa mini, wani lokaci kuma wani fari mai ɗan kauri idan na yi yunƙuri a bayan gida. Abokai a fada suka ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, bai daina ba. To wata guda da ya wuce, a wurin tafiya, Shaiɗan ya rinjaye ni sau ɗaya, Allah ya yafe mini. Kwana 4 bayan haka na fara ganin ruwa mai rawaya kamar mugunya yana ɓata mini wando, fitsari kuwa kamar an zuba barkono. Na sayi kafso na jaka ɗaya da rabi wurin mai tallar magani a tasha, na sha kwana 3. Zafin ya ragu, amma har yau kowace asuba ina ganin ɗigo a bakin gabana. Matana biyu, amaryar tana da cikin wata 7, kuma tun da na dawo ban fasa rabon kwana ba. Shin tsohon sanyin nan ne ya tashi? Wane magani zan saya in sha a ɓoye? Asibiti akwai idon sani, ba zan iya ba."

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, a na biyun ne na gane amsar da kake so. So kake in ce tsohon sanyi ne ya motsa, in faɗa maka sunan wani kafso, a rufe magana. Ba zan ce ba, don ba haka ba ne. Ruwa iri biyu ka zubo mini a ƙwarya ɗaya. Na farkon, wanda ka yi shekaru kana yaƙi da shi, ba cuta ba ne. Na biyun, wanda kake so ka binne, shi ne cutar, kuma ba a jikinka kaɗai take ba yanzu.

Bari mu fara da na saurartaka, don in sauke maka wannan kayan tukuna. Ruwan nan garai-garai mai yauƙi kamar danyen farin ƙwai shi ne maziyyi. Wasu ƙananan ƙululu biyu ne ke yin sa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, suna can ƙarƙashin mafitsara a gefen hanyar fitsari. Namiji hanya ɗaya gare shi, ta nan fitsari ke bi, ta nan maniyyi ke bi, kuma ragowar fitsari na da kaifin da ke cutar da ƙwayoyin haihuwa. Shi ya sa idan sha'awa ta taso sai wannan ruwa ya riga ya fito, ya share hanya, ya santsantar da ita. Wani ɗigo ɗaya yake gani, wani ba ya ganin komai, wani kuwa har wando ya jiƙe. Duk lafiya ce, halitta ce ta bambanta. Na fari mai kauri da ke biyo bayan fitsari ko yunƙurin bayan gida shi ne wadiyyi. Yawanci daga furostat yake, wani ƙululu mai girman ɗan goro da ya kewaye wuyan mafitsara, bayansa kuma ya jingina da hanjin da bayan gida ke fitowa. Idan bayan gida ya yi tauri ka yi nishi, sai a matse shi kamar an matse lemo, ɗan ruwan da ke ciki ya ziraro. Mutumin da ke kwana biyu a kan kaya, abincinsa burodi da shayi, ruwan sha na awo, ai dole ya gamu da wannan. Maganinsa ruwa da ganye da kuɓewa, ba saiwa ba.

Abin da ke ba ni mamaki, duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji waɗannan sunaye tun bai yi gemu ba. Babin tsarki na Risala ya rarrabe su: maniyyi wanka, maziyyi a wanke gaba a sake alwala, wadiyyi hukuncinsa na fitsari. Malamai ba su sa su a babin cuta ba, a babin alwala suka sa su, domin abu ne da ke samun lafiyayyun maza. Sayyidina Ali da kansa mai yawan maziyyi ne, ya ji nauyin tambayar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda yana auren 'yarsa, sai ya aiki Miƙdadu ya tambayo masa. Amsar da ta dawo ita ce ya wanke ya yi alwala. Ka lura, kunya ta hana shi buɗe baki, amma ba ta hana shi neman amsa ba. Idan naka yana yawan zuwa har yana rikita maka salla, wannan tambayar malaminka ce, akwai sauƙin da fiƙihu ya yi wa mai irin wannan hali.

Laifin kalmar nan "sanyi" ne. Mun mayar da ita buhun da ake cusa komai: maziyyi sanyi, ciwon baya sanyi, saurin kawowa sanyi, ƙaiƙayi sanyi, mugunya ma sanyi. Ka tsaya minti goma kusa da mai lasifika a kewayen Kasuwar Dole ka ji yadda yake jero alamomi. Kafin ya gama babu namijin da bai ji nasa a ciki ba, kuma da gangan ne, don kowa ya sa hannu a aljihu. Ta haka saurayi lafiyayye ke kashe kuɗinsa a kan cutar da ba ya da ita, ranar da ta gaskiyar ta zo kuma sai ya ce ai ya saba, tsohon abin nan ne.

Ga yadda za ka rarrabe. Ruwan lafiya yana da dalili da lokaci: sha'awa, mafarki, yunƙuri. Ya zo ya wuce, ba zafi, ba wari, ba ya sa bakin gaba ya yi ja. Ruwan cuta ba ya jiran dalili. Kana zaune kana lissafin kaya yana tsiyaya. Ka tashi da asuba ka tarar bakin ya manne, ko tabo ya bushe a wando. Launinsa rawaya ne, ko kore-kore, ko ruwan madara, kuma yakan zo da raɗaɗin fitsari ko ƙaiƙayi can cikin bututun inda hannu ba ya kai wa.

Ba a duba mara lafiya ta wasiƙa, amma labarin da ka bayar na sha jin irinsa har na haddace. Mugunya mai kauri da zafin fitsari kwana 4 bayan saduwa, wannan tafiyar gonoriya ce, ita ce ainihin abin da likitoci ke nufi idan sun ce ciwon sanyi. Takan bayyana a namiji tsakanin kwana 2 zuwa mako guda, wani lokaci ta kai mako biyu. Ƙwayar cuta ce da ake gani a madubin likita, wani Bajamushe mai suna Albert Neisser ya fara gano ta a 1879. Kuma ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Tana da abokiyar tafiya, kilamidiya, wadda ba ta da gaggawa: sai mako 1 zuwa 3 take nuna kanta, ruwanta tsararo ne, kaɗan, galibi da safe, a mutane da yawa ma ba ta nuna komai. To ɗigon asubar nan da ya rage maka, ko dai gonoriyar ce aka raunana ba a kashe ba, ko kilamidiya ce ta fito bayan hayaniyar ta lafa, ko duka biyun. Akwai kuma wasu, irin su tirikomonas da mikofilasma, da ke kawo ruwa mai kama da wannan. Ido ba ya raba su da tabbaci, ko idon wanda ya tsufa a aikin.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna sababbin kamuwa da gonoriya sun kai miliyan 82 a duniya, na kilamidiya kuma kusan miliyan 129, tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Na kawo wannan don ka san cewa ma'aikacin asibitin da kake jin kunya ba yau ya fara gani ba. Sannan ka cire maganar shadda daga ranka tun kafin wani ya kawo maka ita a matsayin mafaka. Wannan ƙwaya ba ta daɗewa a wajen jikin mutum. Ba a ɗaukarta a tsugunno, ko a buta, ko don an tsallaka fitsarin wani. Ka ma riga ka faɗi inda ka samo ta, kuma na yaba maka da ba ka yi mini kwana-kwana ba.

Kafson tasha kuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ba ka san sunansa ba, ba ka san nauyinsa ba, ba ka san watanni nawa ya yi a faranti rana tana gasa shi ba. Ko da na ƙwarai ne, akwai babbar matsala: gonoriya ta fi kusan kowace ƙwayar cuta iya koyon kauce wa magani. A shekarun 1940 penisilin kaɗan ke gamawa da ita. Ta koye shi. Aka koma tetarasikilin, kafson nan ja da rawaya da har kaji ake ba wa, ta koye shi. Aka koma sifuro, shi ma ta gagare shi, har a 2007 hukumomin lafiya na Amurka suka cire shi daga maganinta, ƙasashe da dama suka bi. Yau abin da duniya ta fi dogara da shi allura ce mai suna seftiriyazon, ita ma an fara samun wuraren da take gazawa. Duk lokacin da mutum ya sha rabin magani na kwana 3 ya ajiye don zafi ya ragu, raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kan suka rage suna hayayyafa. Su ne kake ɗauke da su yanzu, su kuma kake kai wa gida.

Ka tambaye ni sunan maganin da za ka saya. Zan faɗa maka abin da za ka tarar, ba don ka je ka saya ba, sai don kada ka shiga a makance. A ƙananan asibitocin unguwa inda babu ɗakin gwaji, ƙa'idar ita ce idan namiji ya zo da irin wannan ruwa a yi masa maganin gonoriya da kilamidiya tare, a rana ɗaya: allura guda a ɗuwawu, sannan ƙwayar doksisikilin safe da yamma har kwana 7, ko azitiromisin. Idan bai ɗauke ba a nemi tirikomonas da sauransu. Inda akwai ɗakin gwaji za a ɗan shafo ruwan da auduga a kan tsinke, ko a karɓi farkon fitsarinka, a duba. Kai da ka riga ka sha wani abu, gwajin ya fi yi maka amfani, kuma dole ka faɗa musu ka sha. In ka ajiye bawon kafson, sa shi a aljihu ka tafi da shi. Nawa za a ba ka, da wane za a ba wa, wannan aikin wanda ya gan ka ne, ya tambaye ka ko wani magani ya taɓa yi maka borin jini. A nan ne kuma za a ɗebi jininka a duba sida da tunjere da ciwon hanta, don ƙofar da waccan ta shigo ta nan su ma suke shigowa. Ka yarda a yi. In gwajin sida ya fito babu, za a ce ka dawo a sake bayan wata 3, domin sabon kamuwa ba ya saurin nunawa a jini.

Maganar idon sani. Na san ta. Shekarun da na yi ina duba marasa lafiya, na ga magidanta da yawa da ke shigowa su zauna, su ce kai ke ciwo, ko jiki ne ba daɗi. A auna, a rubuta takarda, mutum ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya riƙe labule, sannan ba tare da ya juyo ba ya ce, "Af, likita, akwai kuma wani ɗan abu." Wannan ɗan abun shi ya kawo shi. Muna sane tun shigowarsa, daga yadda ya zauna a gefen kujera. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗana. Ma'aikacin lafiya amanar sirri na wuyansa, kuma ba alƙali ba ne, ba ya tambaya don ya hukunta. In mai duba mutane a unguwarku ɗan ƙanwar maƙwabcinka ne, Damagaram ba ƙauye ba ce. Hau kabu-kabu ka tafi wata unguwa, ko babban asibitin ƙasa inda akwai sashen masu duba mafitsara, ko ma ka shiga mota zuwa Mirriya. Wanda ke ratsa Tanut da Adarbisanat da kaya ba zai ce nisa ya hana shi ba.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. Ka ce ba ka fasa rabon kwana ba. Ke nan wata guda cutar tana bin ka ɗaki zuwa ɗaki. Ka ɗauka dukansu biyu sun kamu har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kada shirunsu ya ruɗe ka. A mace waɗannan cututtuka sukan zauna a bakin mahaifa ba ƙaiƙayi ba zafi, ko su zo da ɗan farin ruwan da za ta ɗauka na al'ada ne. Kai jikinka ya yi maka ƙara ka ji. Ita nata ba zai yi ba, sai ƙwayar ta hau sama ta kama mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo. Daga nan ne ake samun ciwon mara da ba ya jin magani, da cikin da ke zama a bututu ya fashe, da mace mai haihuwa ta tsaya cak ba a san dalili ba. Sai a fara zagaye: rubutu, hayaƙi, zargin kishiya, zargin iska. Mijin da ya kawo abin yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi, wataƙila ma yana shawarar ƙaro ta uku don waccan ta daina haihuwa.

Ko ta fuskar son kai ka duba, magani a ɓoye asarar kuɗi ne. Ka warke yau, jibi ka shiga ɗakin uwargida ka sake ɗauka, gata ka kai wa amarya. Wannan cuta ba ƙyanda ba ce, ba ta barin kariya a jiki, sau goma aka gamu da ita sau goma za a kamu. Dole ku uku a yi muku magani a lokaci ɗaya, sannan a dakata da saduwa a ɗakunan biyu har kwana 7 bayan fara maganin, kuma sai kowa ya gama nasa, ruwan ya ɗauke. Kwana kana iya rabawa kamar kullum, ka kwanta ka yi hira ka yi barci. Maganinka kuma ba na raba wa iyali ba ne. Doksisikilin ba a ba mai ciki, akwai wanda ya dace da ita, likita ko ungozoma ce za ta zaɓa.

Amaryar nan da cikinta su suka sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da taka. Akwai wata safiya da ba na mantawa. Wata tsohuwa ta shigo da jariri a cikin zane, kwanansa 4, ko suna ba a yi ba. Fatar idanunsa ta kumbura ta yi jawur, sun rufe ruf. Da na sa yatsa na ɗan buɗa, mugunya ta bulbulo, mai kauri, ta gangaro har kunci. Kakar ta ce kwantsa ce, tun shekaranjiya suke ɗiga masa nono. Ba kwantsa ba ce. Gonoriya ce ya shafo a hanyar fitowa duniya, kuma irin wannan cikin 'yan kwanaki take cinye baƙin ido ta huda shi. Uban yana waje a kan babur, bai ko kashe injin ba. Shi ya sa ake shafa wa jarirai man ido da zarar an haife su a asibiti, amma wannan kariya ce ta biyu, ta farko ita ce a warkar da uwa kafin naƙuda. Cutar tana kuma iya sa faya ta fashe da wuri a haifi bakwaini. Wata 7 ka ce. Kana da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba. Ka kai ta wurin awon ciki, ko asibitin uwa da yara, a gaya wa ungozoma gaskiyar abin da aka samu a jikin miji, kuma ta haihu a asibiti.

Na san tambayar da ke cin ka: me zan ce musu? Addini bai ce ka tara iyali ka tona wa kanka asirin da Allah ya rufa ba. Tubarka tsakaninka da Ubangijinka ce, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma rufa wa kai asiri daban, barin cuta a jikin baiwar Allah daban. Na farko an yarje maka, na biyu haƙƙi ne da istigfari kaɗai ba ya wankewa. Abin da ya zama dole su sani gajere ne: an same ka da wata cuta da ke wucewa tsakanin miji da mata, daga jikinka take, likita ya ce kowa sai ya karɓi magani ko ba ta jin komai. Ka faɗa wa kowacce a ɗakinta, a rana ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, kada ɗaya ta ji a bakin ɗaya. Kalmar nan "daga jikina take" kada ka haɗiye ta. In ka bar wurin a buɗe, ka san gidan mata biyu: uwargida za ta ce shekara nawa muna zaune lafiya sai da aka kawo wannan, amarya ta ce an yi mata ture. Yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba za ta ɗauki tabon da zai bi ta har gidan suna da gidan biki. Na ga auren da ya mutu a kan haka, mai laifin kuma ya yi shiru har aka kwashe kaya.

Za su iya tambayarka daga ina. Mata ba yara ba ne, wataƙila sun riga sun ga wandon a wurin wanki. Kana iya cewa maganar ta yi maka nauyi, ka nemi su yi maka haƙuri. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne rantsuwar ƙarya, ko ɗora wa shaddar tasha, ko ɗaure fuska ka mayar da abin faɗa don a ji tsoron tambaya. In an yi fushi ka shanye, kai ka jawo. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka roƙi likitan ya rubuta musu takardar gayyata, ko ka kai su ungozoma ta yi bayani, sun san yadda ake faɗa ba tare da an ƙona gida ba. Ita ma waccan ta hanya, in kana da yadda za ka aika mata, ka aika ta nemi magani, don bayanka wani zai bi. Sauran tafiye-tafiyen da ke gabanka kuwa, kame kai shi ne abin da ni da malaminka za mu ce maka. A matsayina na ma'aikacin lafiya zan ƙara da cewa kwaroron roba yana tare waɗannan cututtuka idan an sa shi tun farko har ƙarshe, kuma wanke gaba da sabulu ko shan kafson tasha bayan an gama ba abin dogaro ba ne.

Kai ma jikinka bai tsira ba in ka ci gaba da jinkiri. Ƙwayar takan gangara ta kama bututun da ke bayan maraina, gefe ɗaya ya kumbura ya yi zafi, wani lokaci ya toshe hanyar ƙwayoyin haihuwa. Takan kuma bar tabo a cikin hanyar fitsari, tabon yana tsukewa a hankali, shekara biyar, shekara goma, har ranar da mutum zai tsuguna da mara cike taf yana nishi ɗigo na fita da ƙyar, a kawo shi da dare a nemi sa masa roba ta ƙi shiga. Da yawa daga cikin dattawan da ake yi wa aikin buɗe hanya, asalin abin wani sanyi ne na ƙuruciya da aka sha wa kafso.

Don masu karatu da za su ga kansu a wani ɓangare na wannan wasiƙa: ba kowane zafin fitsari ne na saduwa ba. A bazarar Damagaram, ga rana ga ƙarancin ruwa, fitsari kan yi ja ya yi zafi, amma ba ya zuwa da mugunya, kuma shan ruwa na gyara shi. Jini a ƙarshen fitsari ga wanda ya yi wanka a tafki galibi tsargiya ce, maganinta daban. Wanda kuma ke matsa gabansa sau goma a rana yana leƙen ko wani abu zai fito, ko yana ɗura sabulu da ruwan kashe ƙwayoyi a ciki, shi da kansa zai jawo ruwan da yake tsoro. Amma zazzaɓi tare da ciwon mara ko kumburin maraina, ko gaɓoɓi su kumbura, ko fitsari ya tsaya, waɗannan ba a kwana da su a gida. Ciwon maraina mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, musamman ga yaro matashi, na awowi ne, don yana iya zama murɗewar maraina ce.

Gobe in Allah ya kai mu, kada ka matse ɗigon, kada ka wanke da wani magani. In za ka iya, ka riƙe fitsari kamar awa 2 kafin a duba ka, don kada ka wanke abin da ake son gani. Ka ɗauki bawon kafson nan. In an tambaye ka me ke tafe da kai, ka fara da shi tun kana kan kujera, kada ka bari sai ka kai labule. Bayan wata 3 ka koma a sake dubawa ko ba ka jin komai. In amarya ta sauka lafiya ka rubuto mini, ka faɗa mini yadda idon yaron yake.